Kwaɗin Mai Gilashi

Misbahu mai gilashi ne. Shekara ashirin ya yi yana yanka gilashin taga yana kafawa a gidajen Yawunde, tun zamanin da ake gini ko'ina, ana aiko masa da mota daga unguwar Tsinga har ta Bastos. Da kiriz, wato matsin tattalin arziki, ta shigo sai gine-gine suka tsaya cak. Benayen da aka fara suka zauna ba rufi, ciyawa ta tsiro a matakalansu. Ma'aikatan gwamnati kuwa, waɗanda aka zaftare wa albashi sau biyu a shekara guda, in tagarsu ta fashe sai su toshe da kwali. Kullum da safe Misbahu yakan buɗe shagonsa a unguwar Briqueterie, ya share ƙofa, ya zauna. Wata rana a kawo masa madubin kabad ya gyara, wata rana ba kowa.

Duk da haka ba ya cikin masu wuni a majalisa suna tsine wa zamani. Yana da abin da ke mayar da shi gida da wuri.

Abin ya faro ne daga wani Bature a Bastos, wanda ya kira shi ya gyara masa akwatin gilashin da yake kiwon kifi a ciki. Misbahu ya liƙe inda yake yoyo, sannan ya tsaya kallon kifayen har ya manta kayan aikinsa a can. Bayan shekara biyu kamfanin Baturen ya rufe. Da zai koma ƙasarsu sai ya aika aka kira Misbahu, ya ba shi akwatin da kifin da ɗan injin da ke hura iska a cikin ruwa. Daga nan Misbahu ya shiga haɗa nasa akwatunan da guntayen gilashin da suka rage a shago, har guda shida suka jeru a kan katako a barandar tsakar gidansa, gefen da rana ba ta bugu.

Kifin Bature ba su jure wa kiriz ba. Wuta ta riƙa ɗaukewa, inji ya tsaya, ruwa ya yi nauyi. Sai kuma aka karya darajar kuɗin sefa a farkon shekarar 1994, ɗan gwangwanin abincin kifi da ake kawowa daga Faransa ya ninka kuɗi, daga baya ma ya ɓace daga kanti. Jajayen kifayen nan masu jela kamar mayafi suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya tsamo na ƙarshe, matarsa Kulsum tana zaune tana surfa waken ƙosan da take sayarwa a ƙofar gida.

"To, Baban Jannatu, an huta ke nan?" in ji ta. "In wanke akwatunan in riƙa zuba wake a ciki?"

"Ba a huta ba. Wanda ya mutu baƙo ne. Kifin ƙasar nan ba ruwansa da farashin Faransa."

Washegari ya yanki tsohon gidan sauro, ya ɗinka shi a jikin waya ya zama ɗan koma, ya ɗauki bokiti ya shiga taksi zuwa Nkolbisson, can gefen gari. Daga bakin titi ya taka da ƙafa har wani ɗan rafi da ke ratsa gonakin koko. Ruwan bai kai gwiwa ba, cike yake da ruɓaɓɓen ganye. Ya tura koma ƙarƙashin ganyen ya ɗago, sai ga ƙananan kifaye, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba. A cikin bokiti ba su da wani kyan gani, launin laka ne da su. Amma da ya kai su gida ya zuba a gilashi, suka kwana biyu hankalinsu ya kwanta, sai jikin mazan ya fito da shuɗi mai ɗigon ja, gefen jelarsu ruwan ɗorawa. Kulsum da kanta ta ajiye muciya ta zo ta leƙa.

"A rafin da ake wanki ka samo waɗannan?"

"A nan. Muna tsallake su shekara da shekaru."

Ba sa bukatar inji. Abincinsu tsutsar sauro ce da gara, in babu kuma ya murje musu busasshen jatan lande na miya. Abu ɗaya ne nasu, tsalle, don haka kowane akwati ya yanka masa murfi.

A cikin ciyawar ruwan da yake kwasowa ne ƙwan kwaɗi suka biyo shi gida. Bai lura ba sai da ya ga baƙaƙen abubuwa masu kai da jela suna yawo a akwati na uku. Ya san 'ya'yan kwaɗi ne, amma bai taɓa zama ya ga yadda suke rikiɗa ba. Ya kwashe su ya zuba a wani tsohon baho, ya riƙa dafa musu ganyen alayyafo. Cikin wata ɗaya da rabi suka zama 'yan kwaɗi kore shar, kowanne bai fi kan babban yatsa ba, da idanu kamar an ɗiga zinariya. Ya mayar da su rafi, ya dawo da wani ƙwan. Abin ya shiga ransa fiye da kifin ma.

Maƙwabcinsa na jikin katanga shi ne Gajere mai tsire. Sunan ne kawai, don duk layin ba wanda ya kai shi tsawo. Shekara goma sha biyar suna maƙwabtaka, ba su yi abota ba, ba su kuma taɓa faɗa ba. Tukubar Gajere tana bakin babban titi, inda a da ma'aikata ke tsayawa da motoci in an tashi daga ofis. Yanzu motocin sun ragu, masu tsayawan ma tsinke biyu suke saya su raba.

Bayan ƙaramar salla ruwa ya sauka. Wata ranar Talata aka yi mamako tun hantsi, bahon Misbahu ya cika ya tumbatsa, kuma a lokacin 'ya'yan kwaɗin sun riga sun yi ƙafafu. Da yawansu suka fice, suka bi magudanar da ke ƙarƙashin katanga suka shiga gidan Gajere. Ɗaya ya lafe a cikin ƙunshin takardar siminti da ake naɗe nama da ita.

Da la'asar Gajere ya kafa tukuba, mutum huɗu suna tsaye suna jira. Ya warware takarda zai naɗa wa wani ma'aikaci ɗan unguwar Madagascar, sai ɗan kwaɗo ya yi tsalle ya dira a kan tebur, ya sake yin wani ya sauka a tsakiyar tsire. Mutumin ya ja da baya ya ɗaga murya da Faransanci:

"C'est la grenouille que tu nous vends?"

Wato kwaɗo kake sayar mana? Aka fashe da dariya. Masu tukubar gefe suka fi kowa dariya. Kafin kwana biyu magana ta zaga daga Briqueterie har kasuwar Mokolo cewa akwai mai tsiren da ke haɗa nama da kwaɗi. Wanda ya zo sai ya wuce Gajere ya tsaya a gaba.

Gajere ya zo ƙofar Misbahu ya yi ta faɗa, Misbahu ya ba shi haƙuri, ya toshe magudanar da raga, ya yi wa baho murfi. Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma Gajere ya kwana uku yana komawa gida da naman da bai sayu ba, kuma kullum in ya wuce sai ya hangi Misbahu tsugune gaban gilashi, fuskarsa a sake. Sai ya fara faɗa a majalisa cewa mutumin da ba shi da aiki amma ba ya ƙorafi, a bincike shi. Wa ya taɓa ganin magidanci yana dafa wa kwaɗo abinci? Maganar ta samu masu ɗauka, don a shekarun nan kowa yana neman wanda zai ɗora wa karayar arzikinsa. Mata biyu suka daina sayen ƙosan Kulsum. Ta dawo da kwano ta ajiye da ƙarfi.

"Ana cewa tsafi kake yi. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"Shi ke nan? Na ji?"

"Gobe zan je wurin Malam Awwal in ce ya kira mu. Ki bar min."

Malam Awwal shi ne limamin ƙaramin masallacin layinsu, dattijo ne mutumin Garwa, mai koyar da manya karatu a zaurensa. Bayan sallar la'asar ya zaunar da su biyun a kan tabarma, wasu dattawa uku suna gefe. Ya ce Gajere ya fara.

"Allah gafarta Malam, ni ban ce na gani da idona ba. Amma a tambaye shi. Yau ka ga baƙaƙen abubuwa masu jela a baho, gobe babu su, sai kwaɗi. Yana yi musu magana, matata ta ji ta katanga. Kuma kwaɗi ai da su aka yi wa mutanen zamanin da azaba. Cinikina ya mutu, shi kuwa ko a jikinsa. Ni dai a fitar da su daga unguwar nan."

Malam ya juya ga Misbahu.

"Allah gafarta Malam, laifi ɗaya na yarda da shi. Ban rufe baho ba, dabbata ta shiga gidansa ta ɓata masa sana'a. Na ba shi haƙuri a ƙofata, ina kuma sake ba shi a gabanka. Na biyun kuwa ban yi ba. Ba zan ce a kawo Littafin Allah in rantse ba, don in na rantse zai ce mai tsafi ma yana rantsuwa."

Ya jawo wata jaka da ya shigo da ita, ya fito da babbar kwalba mai faɗin baki. 'Ya'yan kwaɗi biyar suna iyo a ciki, ƙanana, ba su fi ƙwayar wake ba. Dattawan suka ɗan ja ƙafafunsu.

"Ga abin da nake roƙo. Malam ya karɓa ya yi duk addu'ar da ya ga dama a kai. Sannan Gajere ya tafi da su gidansa ya riƙe kwana arba'in. Ba zan taka gidan ba, ba zan taɓa kwalbar ba. Shi zai ba su abinci, shi zai sauya ruwa. In ya ga wani abu da ba halittar Allah ba, ya zo nan ya faɗa, ni da hannuna zan fasa akwatunan nan shida, in kwashe gilashin in zubar."

"Ni in kai wannan ƙazantar ɗakina?" in ji Gajere.

Malam Awwal ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta wajen haske. Ya daɗe yana kallo, sai ya yi murmushi.

"Rabona da ganin waɗannan tun ina yaro a bakin Binuwai. Gajere, kai ka yi zargi, shi kuma ya ba ka hanyar da za ka tabbatar. Ban ga zalunci a nan ba. Sai dai ka sani, malamai sun hana kashe kwaɗo. In ka karɓa amana ce."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ko tsoro kake ji?"

"Ni? Ni da nake kayar da bijimi?" Gajere ya miƙa dogon hannunsa ya fizgi kwalbar har ruwan ya fantsama a rigarsa. Misbahu ya fara yi masa bayanin abinci da ruwa, ya katse shi. "Na san ganye suke ci. Ba na son karatunka."

Da Misbahu ya ba Kulsum labari sai ta riƙe haɓa.

"Ka ɗora akwatunanka duka a hannun mutumin da ke jin haushinka? In suka mutu fa? Cewa zai yi ka aika masa da mugun abu."

"Gajere yana da zafi, amma ba ya ƙarya a gaban Malam. Kuma ba ya son a ce abu ya gagare shi. Ki zuba ido."

A kwana na huɗu, da hantsi, Misbahu yana shago yana goge wani madubi sai inuwa ta rufe ƙofa. Gajere ne. Ya yi sallama a taƙaice, bai zauna ba.

"Biyu sun mutu."

"Allah Sarki. Me aka yi musu?"

"Ba abin da aka yi musu. Ruwan ne ya yi datti, Ma'u ta zubar ta tara sabo a famfo. Da safe muka gan su a kife." Ma'u matarsa ce. Ya tsaya yana kallon gefe. "Malam ya ce amana ce. Shi ya sa na zo, ba don komai ba."

"Ruwan famfo akwai jabel a ciki, wanda ake zubawa don kashe cuta. Mu ba ya yi mana komai, su yana ƙona su. Ka tara a bokiti ka bar shi a buɗe kwana biyu kafin ka zuba, ko ka tari na sama. Kada ka sauya duka, rabi kawai. Ganye kuma ɗan kaɗan, kamar farcenka, a dafa shi ya yi laushi. Abin da ba su cinye ba ka tsame kafin ya ruɓe."

Gajere ya maimaita a hankali kamar mai hadda, kwana biyu, rabi, kamar farce. Ya juya ya tafi ba godiya. Misbahu ya ci gaba da goge madubinsa yana murmushi.

Ukun da suka rage suka rayu. Gajere ya ɗora kwalbar a kan tagar ɗakinsa. Da farko leƙawa yake yi kamar mai gadi, yana neman abin da zai kai wa Malam. Yakan duba kafin ya tafi mahauta da safe, ya duba in ya dawo. Bai ga komai ba sai abubuwa uku masu ci da kashi, suna ƙiba, suna goga baki a jikin gilashi. A hankali ya fara bambanta su. Akwai babba mai ture 'yan'uwansa, akwai mai son kwanciya a ƙasa, akwai wanda jelarsa ta ɗan yage. Ma'u ta kama shi wata rana yana tsintar ganye mafi taushi a cikin na miyarta.

A mako na huɗu, da sassafe, Misbahu yana ba kifi tsutsa sai ya ji murya ta saman katanga.

"Misbahu! Kai, Misbahu!"

Ya ɗaga kai. Gajere ne, tsawonsa ya sa haɓarsa ta wuce katangar, ya ɗago kwalba da hannu biyu.

"Ƙafa! Babban ya yi ƙafa! Biyu, a gindin jela, har da 'yan yatsu. Jiya wallahi babu."

"Akwai, ƙanana ne ba ka lura ba. Na baya ke fara fitowa. Na gaba suna nan a ɓoye cikin fata, in lokaci ya yi za su ɓullo rana ɗaya."

"A ɓoye a ina?"

"Ka duba bayan kai, za ka ga wurin ya ɗan kumbura."

Gajere ya kai kwalbar dab da hancinsa. Sai ya tuna da wa yake magana, ya gyara murya ya ce shi dai yana nan yana sa ido, ya sauke kai.

Ciniki kuwa bai dawo ba. Har yanzu in an wuce tukubarsa akan sami mai yin kukan kwaɗo don tsokana. Ran nan Gajere ya gaji. Ya ɗauki kwalbar ya tafi da ita bakin titi, ya ɗora a kan wani benci nesa da wuta. Na farkon da ya yi masa kukan kwaɗo, wani direban taksi, sai ya kira shi.

"Zo nan, mon frère, ɗan'uwana. Ga su nan. Dubi girmansu. Guda nawa zan soka kafin in cika tsinke ɗaya? Kuma waɗannan ba na sayarwa ba ne, ni nake ciyar da su."

Direban ya sunkuya ya ga abu mai jela da ƙafafu, ya kira abokinsa. Mutane suka taru. Gajere ya ba su labarin takardar siminti da bakinsa, ya kwaikwayi tsallen kwaɗon da ihun ma'aikacin, aka yi ta dariya, amma wannan karon da shi ake yi. Cikin masu kallon wasu suka sayi tsire. Bai sayar kamar shekarun baya ba, wannan kam ba wanda ke yi, amma ranar bai koma gida da nama ba. Da labari ya kai wa Misbahu sai ya aika masa ta bakin Kulsum cewa hayaƙi da zafin titi za su kashe su, kada ya ƙara. Gajere ya ce a gaya masa ya san abin da yake yi. Bai dai sake fita da kwalbar ba.

Saura kwana shida wa'adi ya cika, ƙafafun gaba suka fito. Washegari dukansu suka daina ci. Gajere ya sauya ganye, ya kawo latas daga Mokolo, ko kallo ba su yi ba. Bai zo tambaya ba sai a rana ta uku, kuma ya zo da babban a tafin hannunsa, a mace, da guntuwar jela.

Misbahu ya duba, ya dafe kai.

"Wannan laifina ne. Na manta ban gaya maka ba. In ƙafa huɗu ta cika sun fara shaƙar iska irin tamu. Dole a rage ruwa, a sa musu dutse su hau. Nutsewa ya yi."

"Kwaɗo ya nutse a ruwa?"

"Yana nutsewa. Ni ma haka na rasa na farko. Rashin cin kuma kada ya dame ka, jelar ce abincinsu yanzu, tana komawa ciki. Yi sauri ka je wurin sauran."

Gajere ya fita da gudu-gudu, ya tsinci dutse a bakin kwata ya wanke. Kafin azahar biyun sun hau kai sun zauna, maƙogwaronsu yana motsi. Babban kuwa bai jefa shi a shara ba, ya tona rami a gindin katanga ya rufe.

Ranar da kwana arba'in suka cika Juma'a ce. Bayan an sauko daga masallaci suka hallara a zauren Malam Awwal, mutane sun fi na farko yawa. Gajere ya ajiye kwalbar a tsakiyar tabarma, an ɗaure bakinta da ƙyallen gidan sauro. 'Yan kwaɗi biyu kore suna manne a jikin gilashi, ba sauran jela.

"To, me ka gani?" in ji Malam.

"Allah gafarta Malam, na ga abin da ban taɓa gani ba, amma ba na mutum ba ne. A gabana aka yi shi, a tagar ɗakina, ba wanda ya taɓa. Maganar da na faɗa a kan Misbahu na janye. Na faɗe ta cikin fushi, a majalisa na faɗa, can ma zan je in janye." Ya juya wajen Misbahu, bai iya haɗa ido da shi sosai ba. "Ka yafe ni."

"Na yafe. Ni ma kwaɗona ya ci maka kasuwa."

Malam ya yi addu'a aka shafa. Ba kowa ne ya bar maganar ba. Ɗaya daga cikin matan nan biyu ba ta sake sayen ƙosan Kulsum ba har ta tashi daga unguwar, kuma akwai masu cewa yanzu matsafan sun zama biyu. Misbahu ya ce su yi ta faɗa.

A waje ya gaya wa Gajere cewa 'yan kwaɗin ba za su rayu a kwalba ba, ƙwari masu rai suke ci, gara a mayar da su inda aka ɗebo su. Jibi Lahadi zai je rafi, in yana so ya kawo masa su ya tafi da su.

"In ba ka su? Ni na raine su, ni zan kai su."

Ranar Lahadi suka shiga taksi tare, Gajere ya takure dogayen ƙafafunsa a kujerar baya, kwalba a cinyarsa, yana faɗa wa direba ya bi ramuka a hankali. A bakin rafin ya kwance ƙyallen ya kwantar da kwalbar a cikin ciyawa. Ɗaya ya fice nan take. Ɗayan, mai son kwanciya a ƙasa, ya daɗe a bakin kwalba kafin ya yi tsalle ya kama wani ganye, launinsa ya saje da shi. Gajere ya neme shi da ido bai ƙara ganinsa ba.

Misbahu ya riga ya naɗe wando ya shiga ruwa neman kifi. Gajere ya tsaya yana kallon yadda yake tura koma ƙarƙashin ganye.

"Ba haka za ka yi ba," in ji shi. "Kana korarsu gaba. Ba ni nan."

Ya cire takalmi ya shiga. Sau uku yana ɗagowa ba komai sai laka. A na huɗu wani ɗan kifi ya yi motsi a cikin ragar, ya tare da tafin hannu kada ya yi tsalle.

"Namiji ne ko mace?"

Misbahu ya leƙa. "Mace ce. Ba ta da launi."

"To sai mun samo mata miji. Akwatin da za ka yanka min, kada ya wuce faɗin tagata. Zira'i ɗaya da rabi ne, na auna jiya."

"Ka auna jiya?"

"Riƙe bokitin da kyau, Misbahu, surutu ya yi yawa."

Ya sake sunkuyawa ya tura koma cikin ganye.